Modem ɗin da Ya Nuna Mana Tsohon Gari

Ku 'ya'yana, kun tashi kuna jin Baffanku Lawan yana tsokanata a duk taron suna, wai ni ne mutumin da ya bar albasa ta ƙone saboda akwati mai kuka. Kuna dariya, ni ma ina dariya, domin ba ƙarya ya yi ba. Albasar ta ƙone, akwatin kuma yana kuka. Sai dai labarin da ake bayarwa a tsaye, ana riƙe da kwanon waina, rabinsa kawai ke fitowa. Yanzu da na ajiye alli na zauna a gida, bari in ba ku sauran, don ku san abin da ya sa mai iyali kamata ya yi abin da na yi a wannan shekara.

Sai in fara da kakanku, Baba, domin shi ne tushen maganar. Kun san ba a nan aka haife mu ba. Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Lokacin da aka tare kogi aka yi dam, an kwaso mutanen ƙauyuka da dama aka zuba su a sababbin wurare, wasu a nan ƙasar Bebeji, wasu suka nufi Kiru, wasu Tudun Wada, kowa inda ƙafarsa ta kai shi. Ni ina goye aka taso, ban san komai ba. Yaya Lawan kuwa ya yi wayo, har ya fara bin awaki. Baba manomi ne a can, da ya zo nan sai ya koyi kamun kifi da girmansa, ya haɗa da noman rani a bakin kanal. Bai cika maganar garin ba. In ta kama ma ba ya kiran sunansa, sai ya ce Tsohon Gari, kuma haka duk tsofaffin unguwarmu ke cewa. Na sha roƙonsa, in muna cikin kwalekwale, ya nuna mini daidai inda gidanmu yake. Sai ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ce shi bai ga wata alama a kan ruwa ba, mu ci gaba da abin da ya kawo mu.

A shekarar da nake ba ku labari ina koyar da labarin ƙasa a sakandaren da ke kusa da mu. Ina da aboki, Bala, wanda muka yi kwalejin horon malamai tare. Shi ya ci gaba da karatu har ya sami tafiya ƙasar waje don ya ƙware a aikin taswira. Da zai tafi sai ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa, na kai ta makaranta na ajiye a wani ɗan ɗaki kusa da ofishin shugabanmu, Malam Tukur, saboda can ne ake da janareta. Manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ba irin wadda ake gani a ofisoshin Kano ba ce, wadda kamfani ke sayarwa. Bala ya ce mutane ne a ƙasashe daban-daban, yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba, suka haɗu suka rubuta ta, suka bar ta a buɗe. Kowa ya ɗauka kyauta, kowa ya leƙa cikinta, wanda ya ga gyara ya gyara ya mayar don na baya.

Na ce, "Wato gayya suke yi."

Ya ce, "Gayya ce."

Na ce, "To wa ke dama musu fura?"

Ya yi dariya ya ce babu. Na daɗe ina juya wannan magana. Na san gayya, na yi ta tun ina yaro, amma tamu ta maƙwabta ce, yau gonarka gobe tawa. Ban taɓa jin mutum ya yi wa wanda ba zai taɓa gani ba noma, ya tafi bai sha ko ruwa ba.

Wayar hannu ba ta iso mana ba a lokacin. Layukan tarho a duk yankinmu ba su da yawa, ɗaya kuwa yana kan teburin Malam Tukur. Ta nan Bala yakan kira ni jefi-jefi. Wata Asabar, bayan an gama girbin dawa, ya kira, kuma tun daga sallamarsa na ji muryarsa ba daidai take ba.

Ya ce, "Sani, kana zaune? Ina jin na sami garinku."

Na ce wane gari. Ya ce a ɗakin karatun jami'arsu, can ƙasa inda ba a cika shiga ba, ya tarar da durowoyi cike da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama kafin a yi dam, don aikin masu awo. Duk kwarin kogin yana ciki, gona-gona, gida-gida. Matsalar ita ce ba a rubuta sunan ko ƙauye ɗaya a kansu ba, lambobi ne kawai, kuma suna da yawa. Ba a yarda a fita da su, amma zai iya kwafarsu a kwamfuta ya turo ta intanet ɗaya bayan ɗaya. Sai dai a sami wanda ya zauna a wurin ya duba ya ce, nan ne, ko a matsa gaba.

Na tarar da Baba a zaure yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Na durƙusa na gaya masa. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Daga sama? Wa ya ba su izinin leƙa gidajen mutane?"

Ya ci gaba da gyaran komarsa. Washegari, muna dawowa daga sallar asuba, ya riƙe hannun rigata ya ce, "Yaushe abokin naka zai aiko?"

A nan ne hankalina ya tashi, domin idanun Baba suna tafiya. Na hagu ya riga ya mutu. Na dama kuma likita a Kano ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a rage masa gudu da magani. Baba yana gani kamar mai leƙe ta bakin tulu, kuma bakin yana ta tsukewa.

Na fara gwada hanya mai sauƙi. Na shiga mota a Kwanar Ɗangora na tafi Kano, na bi layi a shagon intanet, na sauke hoto ɗaya, na sa aka buga mini a takarda. Abin da ya fito kamar an shafa gawayi. Na kwafe shi a faifan kwamfuta na kawo gida, faifan ya ƙi buɗewa. Ko da ya buɗe ma, hoto ɗaya a kowace tafiya ba zai kai mu ko'ina ba, Baba kuma ba ya iya zaman mota mai nisa. Bala ya ce abin yi ɗaya ne, in nemi modem in haɗa kwamfutata da layin Malam Tukur. Modem, ku da kuka tashi da waya a aljihu ba ku san shi ba, ɗan inji ne da ke mayar da maganar kwamfuta ta zama ƙara, ƙarar ta bi wayar tarho, wani irinsa a can ya karɓa ya mayar da ita magana. Na je wurin Malam Tukur da fargaba. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi ma kakarsa daga can aka taso ta, in yi amfani da layin ranar Asabar, amma kuɗin waya a kaina.

Na koma Kano, shagunan kayan lantarki na Sabon Gari. Mai shagon farko ya miƙo mini wani ɗan faranti kore a cikin leda, ya ce shi kowa ke saya, a cikin kwamfuta ake soke shi. Na kawo, na kwance bayan kwamfutar da bismillah, na soke shi, na kunna. Shiru. Manhajar ba ta ma nuna ta san an yi baƙo ba. Na cire, na hure, na mayar, na sake cirewa. Da Bala ya kira na karanta masa abin da ke rubuce a jikin farantin, sai na ji ya ja numfashi.

Ya ce, "Laifina ne da ban gaya maka ba. Wannan rabin modem ne, jiki ne babu kai. Kamfanin ya cire masa ƙwaƙwalwa don ya yi araha, ya bar wa manhajar kuɗi ta riƙa yi masa tunani, kuma ya ƙi gaya wa 'yan gayya sirrin. Ka nemi na waje. Akwati ne, da fitilu a gaba, da wayar wutarsa daban, da igiya mai shiga wata kafa a bayan kwamfuta mai ƙananan allurai tara. Wannan da kansa yake tunani, ba ruwansa da wace manhaja ce a gabansa."

Na ce ta yaya ya tabbata. Ya ce ba shi ya sani ba, tambaya ya yi. Akwai dandalin da masu wannan manhaja ke taimakon juna, ya rubuta musu cewa ga wani malami a kudancin Kano, ga tsohuwar kwamfuta, ga layin ƙauye mai shashsheƙa, ga kuma dattijo da idonsa ke rufewa. Kafin gari ya waye amsoshi sun taru. Wani ya faɗi irin akwatunan da ya gwada da hannunsa. Wata mata daga wata ƙasa mai duwatsu ta ce layinsu ma haka yake, ta rubuto yadda za a rage wa modem gudu don kada ya riƙa yankewa. Wani kuma bai ce komai a kan inji ba, ya ce kawai a gaida dattijon. Na ajiye kan tarho na zauna ina kallon bango. Mutanen da ba su san ko akwai wani wuri wai shi Bebeji ba, sun ajiye aikinsu saboda idon Baba.

Na mayar da farantin wurin mai shago. Mutumin kirki ne, bai yi musu ba, amma ya ce na waje sun daina zuwa, ba wanda ke tambayarsu.

Ya ce, "Malam, me ya sa za ka wahalar da kanka? Kawo kwamfutar in goge abin da ke ciki in zuba maka wadda kowa ke amfani da ita. Kafin ka ci abincin rana an gama, wannan farantin ya yi aiki."

Na tsaya a bakin kantarsa na daɗe. Maganarsa ta shige ni, domin irin albasata ya isa dashe, kuma ba ni da ranar gona sai Asabar da Lahadi. In na ce to, gobe ina gona cikin fangali. Amma kwamfutar tsohuwa ce, Bala ya riga ya gaya mini manhajar kuɗi za ta yi mata nauyi. Abin da ya fi wannan, a cikin wadda za a goge ne ya bar mini kayan aikinsa na taswira, masu ƙara wa hoto girma da haske ba tare da ya dagule ba, idon Baba kuwa ba zai ga komai ba sai da su. Mai shagon ya ce zai nemo mini makamantansu, amma bai san sunansu ba, ni ma ban sani ba. Sannan akwai wani abu da ban iya gaya masa ba don kada ya yi mini dariya. Na ji kunyar mutanen nan da suka amsa. Na ce masa na gode, zan nemi na wajen.

Neman nan shi ne ya cinye albasa. Asabar ta zo ina Kano, wata ta zo ina Kano. Na bi shaguna layi-layi, na shiga ofisoshin da ake buga takardu, na tambayi masu gyaran rediyo. Wani ya ce ya taɓa gani, wani ya tura ni wurin ƙaninsa, wani ya kawo mini akwati mai fitilu amma da na juya bayansa kafar ba ita ba ce. A gona kuwa iri ya wuce lokacinsa, ya yi tsawo ya fara kwanciya. Na sayar da babur ɗina don in biya kamfanin intanet da kuɗin waya, na koma hawa keke. Ran nan Yaya Lawan ya same ni a ƙofar gida. Gonarmu ɗaya ce da Baba ya raba mana, shi tumatir ni albasa, kuma ruwanmu rana ɗaya ake sako shi.

Ya ce, "Sani, kai malami ne, ba zan koya maka karatu ba. Amma yaranka albasa za ta ciyar da su, ba hoto ba."

Na ce, "Yaya, saura kaɗan."

Ya ce, "Ba albasar ce ta fi damuna ba. Ka je ka tayar wa tsoho da abin da ya binne da ƙyar. Kullum yanzu yana zaure yana jiran ƙarar kekenka. In abin nan bai zo ba fa? Me za ka ce masa?"

Ya juya ya tafi. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na shiga gida na tambayi mahaifiyarku ko in haƙura. Tana tankaɗe, ba ta dakata ba.

Ta ce, "Albasar dai ta riga ta tafi. In ka tsaya yanzu, biyu muka rasa."

Na sami modem ɗin a inda ban zata ba, a bayan wani shagon gwanjo da ke sayen kujeru da injinan ofisoshin da suka rufe. Yana ƙarƙashin tarin tsofaffin tafureta, akwati mai ruwan toka, bai fi faifan tuwo faɗi ba. Na juya bayansa na ga kafar da Bala ya kwatanta. Babu wayar wutarsa, sai da mai gyaran rediyo ya haɗa mini wata. Mai gwanjon ya ce shi bai san ko yana aiki ba, kuma kaya in ya fita ba ya dawowa. Na naɗe shi a cikin rawanina na rungume shi har gida.

Asabar da hantsi na haɗa shi, Malam Tukur yana tsaye a bayana. Fitila ɗaya ja ta kama. Na buga 'yan haruffan da matar nan ta ƙasar duwatsu ta ce a fara da su, waɗanda Bala ya karanto mini ta waya. Nan take akwatin ya amsa a fuskar kwamfuta da haruffa biyu na Turanci, masu nufin "to". Malam Tukur ya ce Allahu Akbar. Babu faifan kamfani, babu roƙon kowa, tsohon inji daga shagon gwanjo da manhajar 'yan gayya suka gane juna kamar tare suka tashi.

Asabar ta gaba aka kawo Baba. Tunda babu babur, shi da kansa ya umarci Yaya Lawan ya ɗaura wa shanu amalanke. Yaya ya kawo shi har ƙofa, ya taimaka masa ya sauka, ya koma gindin darbejiya wurin shanunsa ya zauna. Na zaunar da Baba a kujera na sa modem ya kira Kano. Ku ba ku taɓa jin wannan kuka ba. Da farko ƙarar lambobi, sai shiru, sai wani siririn fito kamar na gyare, sai wani ya amsa daga can da murya mai kauri, sai su haɗu su yi ta ƙara kamar ruwan sama a kan kwano, sannan su yi tsit. Baba ya karkata kai yana saurare.

Ya ce, "Me suke cewa?"

Na ce, "Gaisawa suke yi, Baba. Sai sun gaisa sun san ƙarfin juna kafin su fara magana."

Ya ce, "Doguwar gaisuwa haka? To, 'yan gidan mutunci ne."

Hoton ba ya zuwa gaba ɗaya. Daga sama yake farawa, layi bayan layi, kamar masaƙi yana fitar da ƙwaryar zane. Wani lokaci ya kai rabi layin waya ya yanke, a koma farko. Baba bai taɓa ƙosawa ba. Da na farko ya cika na ƙara masa girma da haske, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, yana yawo da kansa a hankali don ɗan abin da ya rage na idonsa ya bi ko'ina.

Ya ce, "Wannan dutsen nan ne mai kama da turmi. Kun yi kudu da yawa. Ka ce masa ya bi kogi ya haura."

Na rubuta wa Bala, ya koma durowoyinsa. Haka muka yi ta yi, Asabar bayan Asabar, Baba a Bebeji yana nuna hanya, Bala a wata duniya yana bi da hotuna. Wata rana mu sami hoto biyu, wata rana wuta ta hana, wata rana layi ya ƙi. Baba yana gane mashaya, yana gane kasuwar da suke ci ran Talata, yana cewa an kusa. Ni kuma ina lura da cewa kowane mako sai na ƙara girman hoton fiye da na baya kafin ya gani. Ban gaya wa kowa ba. Yaya Lawan yana kawo shi yana mayarwa, bai taɓa leƙo ɗakin ba.

Ranar da abin ya faru sanyi ya fara janyewa, ana shiga zafi. Hoton yana saukowa, ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku, sai ga kogi ya yi wata lanƙwasa kamar gwiwar hannu. Baba ya dafa teburi. Layuka suka ci gaba da fitowa, sai ga wani baƙin dunƙule da doguwar inuwa a gefensa. Ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya irin ta ranar ba.

"Lawan! Lawan! Zo ka ga rimi!"

Yaya ya shigo da gudu da sandar kiwo a hannu, ya zaci wani abu ne ya sami tsohon. Ya tsaya a bayanmu. Hoton ya ƙarasa cika. Ga garin nan kwance cikin hasken safiya. Ga shingayen gidaje, ga ɗakuna kamar an kife ƙore, ga rumbuna ƙanana-ƙanana, ga hanyoyi farare sun fita ta ko'ina sun haɗu a rijiya. Garin da na yi shekaru ina wucewa ta samansa a kwalekwale, ga shi rana tana haska shi. Baba ya sa yatsa a gindin rimin ya fara tafiya. Nan masallaci. Nan gidan liman. Nan maƙera. Nan maƙabarta, inda iyayensa suke. Yaya Lawan ya sunkuyo, ya nuna wani ɗan fili a bayan gari, ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, a nan akuyarsa ta haihu. Sai yatsan Baba ya tsaya a kan wani gida mai ɗakuna uku da bishiya a tsakiya.

Ya ce, "Ƙara masa girma."

Na ƙara. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ɗakin da ke gefen gabas ai sabo ne, dubi yadda jinkarsa ta fi sauran haske, shi ya yi ta da hannunsa a shekarar da aka haife ni, don mai jego. Ya ce tunda jinkar tana nan da haskenta, to a safiyar da jirgin nan ya wuce, mahaifiyarmu tana cikin ɗakin.

Kun san kakarku ta rasu shekara guda bayan an taso mu. Ban san fuskarta ba, kuma ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Na zauna ina kallon wannan 'yar da'ira fara, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba kafin in ƙara mata girma.

Baba ya ce, "Kai ma kana ciki, Sani. Tana ba ka nono, ko kuna barci."

Yaya Lawan ya juya ya fita. Ta taga na hango shi ya kifa kansa a wuyan ɗaya daga cikin shanun, kafaɗunsa suna rawa. Baba kuwa bai yi kuka ba. Ya yi ta salati a hankali, yana shafa gilashin da bayan yatsa, har janareta ya shanye mansa.

Albasar da na dasa a makare zafi ya ƙone ta, ban cire ko ta miya ba. A rumbun Yaya Lawan muka ci abinci wannan shekara. Shi ya riƙa aiko da hatsi ba tare da an tambaye shi ba, kuma a lokacin bai taɓa ce mini uffan a kan albasar ba, tsokanar daga baya ta zo. Idon Baba ya ƙarasa rufewa kafin ruwan farko. Amma labari ya riga ya bazu. Tsofaffin Tsohon Gari suka fara zuwa ranar Asabar, daga unguwarmu, daga Tudun Wada, har daga Doguwa, wasu a kan acaɓa, wasu jikoki na riƙe da hannunsu. Malam Tukur ya sa aka fito da benci. Baba yakan zauna a gefen kwamfutar, fuskarsa tana kallon bango, duk wanda ya shigo ya faɗi sunan gidansu.

Wata rana wani dattijo ya zo daga Yako, dogo, rawaninsa ya tsufa. Ya ce shi ɗan gidan Sarkin Aska ne, ya bar garin yana saurayi, kuma duk 'yan gidansu sun rasu sai shi. Ya dubi hoton ya dubi hoton, ya ce shi bai gane komai ba, ɗigo-ɗigo kawai yake gani.

Baba ya ce, "Sani, ka sami rijiya? Bi hanyar da ta yi gabas. Wuce gida ɗaya. Na biyun, akwai rumbu uku a jere da zaure mai kallon kudu."

Na bi da yatsa. Rumbu uku a jere, zaure yana kallon kudu. Na ƙara girman wurin har ya cika fuskar kwamfutar, na ja kujerata baya don in ba shi hanya. Dattijon bai matso nan da nan ba. Ya tsaya ya gyara rawaninsa, ya sunkuya ya cire takalmansa ya ajiye a gefe. Sannan ya tako a hankali har gaban teburin, ya rage tsawo daidai ƙofar zauren, ya yi sallama.